Yadda Ake Kyafa Ƙirjin Sa da Kaji da Hayaƙi a Gida

Duk wanda ya taɓa ganin an yanka ƙirjin sa da aka kyafa da hayaƙi, bayansa ya yi duhu da yaji, cikinsa kuma ya yi ja yana naso, yakan ɗauka cewa gwanintar tana wajen hura wuta ne. Wuta tana da nata rabon, to amma mafi yawan abin da zai gyara naman ko ya ɓata shi yana faruwa ne kwanaki kafin a kunna gawayi, wato a lokacin da ake auna gishiri. Shi ya sa abin da nake fara tambayar mai son gwada wannan aiki shi ne ko yana da kaya biyu: ƙaramin sikeli mai nuna giram ɗaya-ɗaya, in so samu ne har da gutsuren giram, da kuma ma'aunin zafi mai tsinke wanda ake sokawa cikin nama. Wanda ya mallaki waɗannan biyun zai iya fitar da nama mai kyau da murhun gashi na gawayi mai murfi, wanda kuwa ba shi da su zai yi ta kintace ne komai tsadar murhunsa.

Naman biyu da za a yi magana a kansu halinsu ya sha bamban. Ƙirjin sa yana son ya yi mako guda ko fiye a cikin gishiri, sannan ya yini a kan wuta mai sanyi-sanyi. Kaza kuwa dare ɗaya ya ishe ta a ruwan gishiri, kuma tana son wuta mai ɗan ƙarfi da gajeren lokaci. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi musu kuɗin goro, a sa su a murhu ɗaya a zafi ɗaya, sai a tashi da ƙirji mai tauri ko kaza mai fata kamar roba. Ya kamata kuma a sani tun daga farko cewa dafa nama ake yi da zazzafan hayaƙi, ba busar da shi ake yi don ya yi watanni a ajiye ba, don haka bayan an gama, wurin ajiyarsa firiji ne kamar kowane dafaffen nama.

Zaɓen ƙirji

Ƙirjin sa tsoka ce da ke ɗauke da nauyin gaban dabba a duk lokacin da take tsaye ko tafiya, saboda haka cike take da jijiya mai tauri da ake kira kolajin. Tsoka biyu ce a haɗe, ɗaya a kan ɗaya, da kitse a tsakaninsu: akwai shimfiɗaɗɗen ɓangare mai ƙarancin kitse wanda yake yankuwa fes, akwai kuma ɓangare mai tudu wanda kitse ya ratsa shi. Ga mai farawa, shimfiɗaɗɗen ɓangaren mai nauyin kilo 2 ya fi sauƙin sarrafawa, domin kaurinsa kusan ɗaya ne daga wannan gefe zuwa wancan. A roƙi mahauci ya bar kitsen bayansa, sannan a gida a rage shi da wuƙa mai kaifi har ya zama kamar milimita 6. Idan aka cire kitsen duka naman zai bushe, idan kuma aka bar shi da kauri sosai gishiri da hayaƙi ba za su kai ga tsokar ta wannan gefen yadda ya kamata ba.

Irin wannan ƙirji da aka sa wa gishirin naitirait, wato gishirin adana nama, aka kyafa shi ne ake kira fastirami, wanda Yahudawan da suka yi ƙaura daga Romaniya suka kai birnin Niyok a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a birnin Montiriyal na Kanada akwai ɗan'uwansa da ya shahara. Ya bambanta da ƙirjin da ake yi a jihar Tekzas ta Amurka, wanda gishiri da masoro kawai ake barbaɗa masa a sa a wuta ba tare da ya kwana a komai ba.

Gishirin naitirait da lissafinsa

A nan ne ya kamata a natsu, domin nan ne kaɗai wurin da kuskure zai iya cutar da lafiya kai tsaye. Abin da ke ba naman jan launi da ɗanɗanonsa na musamman shi ne sinadarin sodiyam naitirait. Idan ya shiga nama yakan koma iskar naitirik oksayid, ita kuma ta haɗu da sinadarin da ke ba tsoka launi, sai jan ya kama ya ƙi gushewa ko bayan an dafa. Amfaninsa mafi girma kuwa shi ne hana ƙwayar cutar botulizim mai sa guba a abinci yaɗuwa, wadda take son wuri mai ɗumi, mai danshi, mai ƙarancin iska. To amma shi kansa naitirait guba ne idan ya yi yawa, domin yana hana jini ɗaukar iskar oksijin, shi ya sa ba a sayar da shi ga masu girki zalla sai an gauraya shi da gishiri.

Wanda aka fi samu shi ne mai lamba 1, wanda wasu kamfanoni ke rubuta wa Prague Powder #1. Kashi 6.25 cikin ɗari nasa naitirait ne, sauran kashi 93.75 gishiri ne, kuma ana rina shi ruwan hoda da gangan don kada wani ya ɗauka gishirin miya ne. Ma'auninsa shi ne giram 2.5 ga kowane kilo ɗaya na nama, babu ƙari. Akwai abubuwa uku da suke rikita masu saye. Na farko, gishirin dutsen Himalaya shi ma ruwan hoda ne, amma gishiri ne kawai, ba ya wannan aiki ko kaɗan. Na biyu, akwai mai lamba 2 wanda aka ƙara wa wani sinadarin daban don naman da ake ratayewa ya bushe na tsawon makonni ko watanni, kuma bai dace da naman da za a dafa bayan mako guda ba. Na uku, a ƙasashen Turai ana sayar da wani gishirin naitirait mai rauni, wanda naitirait ɗin cikinsa bai wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma shi ana amfani da shi ne a madadin gishirin gaba ɗaya. Wanda ya auna mai ƙarfin da ma'aunin mai raunin ya zuba fiye da ninki goma na abin da ake buƙata. Saboda haka a karanta abin da aka rubuta a jikin ƙunshin kafin a buɗe shi, kuma idan ba a rubuta yawan naitirait ɗin ba, a bar shi.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a auna gishirin daidai da nauyin naman, ta yadda ko ya ƙara kwana biyu a firiji ba zai yi gishiri fiye da kima ba, tunda babu rarar da zai sha. Ga ƙirji mai kilo 2 bayan an gyara kitsensa, a auna gishiri giram 45, gishirin naitirait mai lamba 1 giram 5, da sukari giram 20. Wato gishiri kashi 2.25 cikin ɗari na nauyin naman, na naitirait kashi 0.25, sukari kashi 1. Idan naman ya fi haka ko bai kai ba, sai a sake lissafi daga nauyinsa na gaskiya. Kada a auna da cokali, domin cokali ɗaya na gishiri mai laushi ya fi cokali ɗaya na mai tsaki-tsaki nauyi nesa ba kusa ba. A cakuɗa su sosai a kwano tare da dakakkiyar tafarnuwa, da masoro, da 'ya'yan koriyanda, da ɗan kanumfari, sai a shafe naman ko'ina, har cikin lunguna, a sa shi a ledar abinci mai zik, a kwashe duk abin da ya zube a tire a zuba a ciki, a matse iska a rufe.

Daga nan sai firiji, a zafin da bai wuce digiri 4 a ma'aunin Salshiyas ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu za a ga ruwa ja-ja ya taru a ƙasan ledar. Kada a zubar da shi, domin gishirin ne ya jawo shi daga naman kuma ta cikinsa zai koma. Kowace rana a juya ledar a ɗan murza naman ta waje. Gishiri yana tafiya a hankali ƙwarai, don haka ƙirji mai kaurin santimita 5 yana buƙatar kwana 7 zuwa 10. Na taɓa gaggauta cire wani a kwana na huɗu saboda baƙi suna tafe, kuma da na yanka shi bayan yinin da na yi a bakin wuta, sai na tarar da wani zirin toka-toka a tsakiyarsa wanda gishirin bai kai ba, ɗanɗanonsa daban da na gefe. Tun daga ranar nake rubuta kwanan wata a jikin ledar, kuma idan zan yi kuskure gara in ƙara kwana da in rage.

Mai son jiƙa naman a ruwa zai iya, amma lissafin zai koma kan nauyin nama da na ruwa a haɗe. Kilo 2 na nama da lita 2 na ruwa sun zama kilo 4, ke nan gishiri giram 90, na naitirait giram 10, sukari giram 40, kuma sai a ba shi kwana 10 zuwa 14, a danne shi da faranti don kada ya taso sama. Mazubin ya zama na gilashi, ko robar abinci, ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ban da alminiyam, domin gishiri yana cin sa ya ɓata ɗanɗano.

Idan kwanakin sun cika, a ɗauraye naman da ruwan sanyi a tsane shi. A yanki ɗan siriri daga gefe a soya a ɗanɗana, idan gishirin ya yi yawa a jiƙa naman a ruwan sanyi cikin firiji na awa biyu ko uku, ana sauya ruwan. Sannan a daka masoro da 'ya'yan koriyanda daidai wa daida, kada su yi laushi, su tsaya da ɗan tsaki-tsaki, a danna su a jikin naman da tafin hannu har ya rufu. Wannan yajin babu gishiri a cikinsa. A ɗora naman a kan raga a bar shi a firiji ba rufi har gari ya waye, domin hayaƙi ya fi kama naman da samansa ya tsane ya yi ɗan danƙo fiye da wanda ke ɗigar ruwa.

Wuta da hayaƙi

Ana yin wannan aiki a waje ne, a sarari, ba a ɗaki ko gareji ba ko da an buɗe ƙofa, domin gawayi yana fitar da iskar kabon monoksayid wadda ba ta da wari ko launi kuma tana kisa. Ƙa'idar murhun ita ce nama ba ya zama a saman garwashi. A tara gawayi a gefe ɗaya, a sa naman a ɗaya gefen, a ajiye kwanon ruwan zafi a ƙarƙashinsa don ya tare kitsen da ke ɗiga kuma ya daidaita zafin ciki. Don wutar ta daɗe, a jera gawayin da ba a kunna ba a zagaye da bangon murhun kamar rabin zobe, a zuba garwashi kaɗan a bakin layin, sai wutar ta riƙa cin sa a hankali na sa'o'i. Da kafofin iska ake sarrafa zafi: ta ƙasa ita ake ragewa ko a ƙara, ta saman murfi kuwa a bar ta a buɗe, a saita ta a kan naman don hayaƙin ya ratsa shi kafin ya fita. Ma'aunin zafin da ke maƙale a jikin murfi yakan nuna zafin sama ne, don haka ya fi kyau a sa wani a kan ragar, kusa da naman.

Itacen da za a ɗora kan garwashi ya zama busasshe mai tauri, irin su oak da hikori don ƙirjin sa, ko tuffa da ceri don kaji, tunda hayaƙinsu ya fi sauƙi. Itace mai ƙaro irin su fayin yana sa nama ɗaci, katakon da aka yi wa fenti ko magani ko manne kuwa bai kamata ya kusanci abinci ba sam. Guntaye uku ko huɗu kamar girman dunƙulen hannu sun isa. Abin da ake nema shi ne hayaƙi siriri mai shuɗi-shuɗi wanda da ƙyar ake ganinsa. Idan aka ga farin hayaƙi mai kauri yana tuɗaɗowa, alama ce itacen yana shaƙe ba ya samun iska, kuma irin wannan hayaƙin ne ke barin ɗaci da ƙaiƙayi a harshe. A ƙara masa iska, a jira ya washe, sannan a sa nama.

Ranar kyafa ƙirjin

A tsayar da zafin murhu tsakanin digiri 110 da 120. A ɗora naman daga firiji kai tsaye, a soka tsinken ma'auni a wurin da ya fi kauri, a rufe, kuma a yi haƙuri da buɗe murfi, domin duk buɗewa tana zubar da zafi ta kuma ba gawayi iskar da za ta tayar da shi. A sa'o'in farko zafin cikin naman zai riƙa hawa ba tsayawa, sai kuma ya kai wajen digiri 65 zuwa 75 ya tsaya cak, wani lokaci har awa biyu ko uku lambar ba ta motsa ba. A nan ne da yawa ke tsorata su ƙara wuta su ƙona bayan naman. Dalilin tsayuwar shi ne ruwan da ke fitowa saman naman yana bin iska yana sanyaya shi, kamar dai yadda gumi ke sanyaya jikin mutum, kuma sai wannan ruwan ya ragu sannan zafin zai ci gaba da hawa.

Lokacin da zafin ya kai digiri 70 kuma yajin bayan ya kama ya yi duhu, ta yadda idan aka goga yatsa ba ya fita, naman ya sha hayaƙin da yake buƙata. Wannan yakan ɗauki awa 4 zuwa 6. Ta fuskar lafiya ya dahu, amma idan aka yanka shi a haka zai yi tauri ƙwarai, domin kolajin ɗin cikinsa bai narke ba tukuna. Narkewar tasa ta koma jelatin mai laushi tana buƙatar zafi da kuma lokaci tare, kuma ba ta kammala sai cikin naman ya kai wajen digiri 90 zuwa 95.

Akwai hanya biyu ta ƙarasawa. Ana iya naɗe shi tsam a takardar foyil da ɗan ruwa kamar rabin kofi a mayar da shi murhu, ko ma oban ɗin girki tunda hayaƙi ya gama aikinsa. Ko kuma a turara shi a madambaci, a kan raga sama da ruwan da ke tafasa a hankali, na awa 2 zuwa 3, wanda shi ne yadda aka saba ƙarasa fastirami. Ni na fi son turarawar ga shimfiɗaɗɗen ɓangare, domin ƙarancin kitsensa yana sa ya bushe da wuri, tururi kuwa yana kare shi. Wani alherin wannan hanya shi ne ana iya raba aikin kwana biyu: a kyafa yau, a sanyaya a sa a firiji, a turara gobe kafin a ci. Ko wace hanya aka bi, lambar ma'auni tana nuna an kusa ne kawai, hukuncin ƙarshe yana hannu. A soka tsinken a wurare uku ko huɗu, idan ya shige ba tare da an ji wani abu ya riƙe shi ba, kamar an soka shi cikin man shanu mai taushi, to ya yi. Idan akwai wurin da ya cije, a ƙara masa rabin awa.

Kada a yanka shi nan take. A bar shi a naɗe ya huta na aƙalla awa ɗaya, a rufe shi da tawul, don ruwan cikinsa ya yi kauri ya zauna. Wajen yanka kuma a duba yadda zaren tsokar ya kwanta a yanka shi a gicciye, kauri kamar milimita 4 zuwa 6. Tunda yaji yakan rufe zaren bayan an kyafa, dabarar ita ce a ɗan yanke kusurwa ɗaya tun yana ɗanye don ta zama alama. Yankan da ya yi kyau idan aka ɗora shi a kan yatsa yakan lanƙwashe ta gefe biyu ba tare da ya tsinke ba, idan kuma aka ɗan ja shi sai ya rabu. A kuma sa a rai cewa naman zai rage kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, ko ma fiye.

Kaza da talo-talo

Matsalar kaza kishiyar ta ƙirjin sa ce. Ba ta da jijiyar da za a jira ta narke, tsokar ƙirjinta kuwa tana bushewa da zarar an ɗan wuce lokacinta. Ruwan gishiri yana sassauta wani ɓangare na furotin ɗin tsokar, sai ta rage matsewa idan zafi ya taɓa ta, ta riƙe ruwanta, ga shi kuma ɗanɗano ya shiga har ciki. Ba a buƙatar naitirait a nan, tunda za a dafa ta da wuta mai ƙarfi cikin ɗan lokaci.

A kowace lita ɗaya ta ruwa a zuba gishiri giram 60 da sukari giram 30. Kaza mai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu takan buƙaci lita 3 ko 4 kafin ta nutse. A narkar da gishirin da sukarin a ɗan ruwan zafi tare da tafarnuwa da masoro, a cika da ruwan sanyi da ƙanƙara, kuma kada a sa kazar sai ruwan ya yi sanyi ƙalau, domin tsakanin digiri 4 da 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Wannan ruwan ya fi ƙarfin abin da kazar za ta iya sha duka, don haka lokaci ne ke yi masa linzami: yankakkun sassa awa 1 zuwa 2, kaza sukutum awa 8 zuwa 12, talo-talo mai kilo 5 ko 6 awa 12 zuwa 24, duk a cikin firiji. Idan aka zarce, tsokar takan yi gishiri ta kuma yi wani irin laushi maras daɗi. A duba ƙunshin kazar da aka sayo, domin wasu kamfanoni suna yi wa kaji allurar ruwan gishiri tun kafin su sayar, irin waɗannan ba a sake jiƙa su. Daskararren nama kuwa a firiji ake narkar da shi, kamar kwana ɗaya ga kowane kilo 2. Ruwan da aka jiƙa kaza a ciki zubar da shi ake yi, a wanke mazubin da hannuwa da sabulu.

Sauran aikin duk na fata ne. Kazar da aka ciro daga ruwa aka sa a murhu mai digiri 110 za ta fito da launi mai ban sha'awa, amma fatar ba za ta tauno ba, domin wannan zafin bai isa ya narkar da kitsen ƙarƙashinta ya busar da ita ba. Maganin abu biyu ne. A tsane kazar da takardar goge hannu a bar ta a kan raga a firiji ba rufi na dare guda, har fatar ta ɗame ta yi sheƙi, ana hango tsoka ta cikinta. Sannan a ɗaga zafin murhu zuwa digiri 150 ko 165. Yana da kyau kuma a yanke ƙashin baya da almakashi a buɗe kazar a danna ƙirjinta ta kwanta, a juya cinyoyin su fuskanci wuta, domin sun fi ƙirji jure zafi. A haka takan dahu cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Guntun itace ɗaya ko biyu ya isa, saboda naman kaji yana shan hayaƙi da sauri. Talo-talo ma haka, kuma biyu ƙanana sun fi ɗaya ƙato, domin ƙaton yana daɗewa kafin zafi ya kai tsakiyarsa. Kada kuma a cusa masa komai a ciki.

Ma'aikatar noma ta Amurka ta tsayar da digiri 74 a matsayin zafin da naman kaji ya zama lafiyayye, kuma a wurin da ya fi kauri ake aunawa, ba tare da tsinken ya taɓa ƙashi ba. Ƙirji ya tsaya a nan, cinya kuwa ta fi daɗi idan ta kai digiri 80 zuwa 85. Kada launi ya ruɗi mutum, domin hayaƙi yakan bar ja-ja a ƙarƙashin fata, kuma ɓargon ƙananan kaji yakan rina naman da ke jikin ƙashi ko da ya dahu sarai. Ma'aunin ne shaida, shi ma a riƙa gwada shi lokaci-lokaci a cikin kofin da aka cika da dakakkiyar ƙanƙara da ruwa, inda ya kamata ya nuna sifili. A bar kaza ta huta minti 10 zuwa 15 ba tare da an naɗe ta ba, don kada tururi ya jiƙa fatar da aka sha wahalar busarwa.

Akwai maganar lafiya da bai dace a tsallake ba. A shekarar 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama, wato wanda aka sa wa gishirin adanawa ko aka kyafa, cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna iya jawo sankarar hanji, kuma haɗarin yana ƙaruwa ne da yawan ci. Wannan ya isa dalilin da zai sa a tsaya a kan ma'aunin naitirait, a hana kitse ɗiga kan garwashi, a guji ƙona naman, kuma a mayar da shi abincin lokaci-lokaci.

Abin da ya rage bayan an ci ya shiga firiji kafin awa 2 ta cika, kuma a cinye shi cikin kwana 3 zuwa 4, in ba haka ba a daskarar da shi. Ƙirjin sa ya fi ajiyuwa a dunƙule, don haka a yanki iya abin da za a ci a bar sauran a naɗe tare da romon da ya taru a cikin foyil. Idan za a ɗumama, a turara shi har cikinsa ya kai digiri 74, sannan a yanka.